Shanun Maharazu Nawa Ne?

Duk wanda ya san karar shanu ta Mai'adua ya san Maharazu dillali. Shekara talatin yana buɗe bakin shanu yana leƙa haƙora, shi kuma nasa bakin ba ya rufuwa. Zai faɗa maka shekarun saniya da rijiyar da ta sha ruwa jiya da halin mai ita, ko ba ka tambaya ba. Abu ɗaya ne bai taɓa faɗa ba: yawan nasa shanun. Matarsa Shatu ta yi ta tambaya har ta haƙura. Cewa yake dabbar da aka faɗi adadinta baki ke kama ta. Mutanen kara kuwa sun yanke masa ɗari, shi ko bai musa ba.

'Yarsa Adawiyya ta karanta kwamfuta, ta dawo gida ta yi shekara biyu tana gyara wa maƙwabta waya. Sai wata jami'a ta buɗe guraben aiki, har da na masu tattara bayanai a wani bincike kan kiwo. Ta nema, aka kira ta. Kafin azahar Maharazu ya sanar da kowa cewa 'yarsa ta zama farfesa, labari har garin Kongolam na bakin iyaka.

Ashe da sauran aiki. Gwaji aka ba ta: a kasuwa ɗaya ta samo amsoshin makiyaya ashirin a na'urarta, in ba su cika ba gurbin na wani ne. Tambaya ta uku kuwa ita ce, shanunka nawa?

Ranar kasuwa ta shiga kara. Kowa ya faɗi sunansa da garinsu lafiya lau, da an zo ta uku sai ya ce alhamdu lillahi, ya juya ƙeya. Wani ma ya tambaye ta ko jangali ne ya dawo. Har la'asar ta kawo jiki ba ta samu ko mutum ɗaya ba.

Maharazu na gefe, ya buɗe bakin wani bijimi sau uku bai ga komai ba, idonsa na kanta. Da ya ga ta sa bakin hijabi ta share ido, tausayi ya kama shi. Ya saki bijimin, ya je ya tsuguna gabanta.

"Tambaye ni, Adawiyya."

"Haba Baba."

"Tambaye ni, na ce."

Ta tambayi suna, ta tambayi gari, ta zo ta uku. Ya yi bisimilla, ya ɗaga murya ya ce goma sha ɗaya.

Dariya ta ɓarke a kara. Harisu, abokin tsokanarsa tun ƙuruciya, har da riƙe ciki, wai duk cika bakin nan a kan sha ɗaya ne? Ya ture Maharazu ya tsuguna, ya ce a rubuta nasa sha huɗu. Nan fa layi ya kafu, kowa na son a ji ya fi Maharazu. Kafin magariba ta cike ashirin da uku.

A kan babur suna komawa, Adawiyya ta ba shi haƙuri, ta ce ta jawo an yi masa dariya. Ta ƙara da cewa ita ma ta zaci sun fi haka.

Ya kauce wa wani rami, bai waiwayo ba.

"Arba'in ne ranar da kika shiga aji ɗaya," ya ce. "Riƙe na'urar nan da kyau."