Gyaɗar Zalika a Kan Burtali

Ni Umma, katangarmu ɗaya da Zalika tun muna amare a wani ƙauye na kwarin Tarka, don haka kada wani ya zo ya ba ni labarinta. Ubanta Falalu manomin gero ne, uwarta Buzuwa ce daga arewa. A ƙauye 'yar Buzuwa ake ce mata, in ta je dangin uwa kuma su ce Bahausa ta zo. Haka ta tashi da harshe biyu, ba ɓangaren da ya riƙe ta hannu biyu.

Siyasar ma ba ita ta nema ba. Doka ta ce sai da mata cikin 'yan takara, mutanen jam'iyya suka roƙe ta ta cika musu gurbi, ta zama kansila a majalisar komin, wato ƙaramar hukumarmu. Shekarar farko, wallahi, in ban da "amin" ba abin da ta ce a zaure. Na sha yi mata tsiya: "Kansila, yau ma shayi kika je sha?"

Sai batun burtali ya taso, hanyar da dabbobi ke bi zuwa rijiya. Shekara da shekaru manoma na cin gefenta, kowa ya ƙara kunya ɗaya, har shanu biyu ba sa wucewa a jere. Wata damina saniya ta sa baki a shuka, aka fasa wa makiyayi kai. A majalisa kowa ya ce a buɗe hanya, amma ba wanda ya faɗi gonar da za a fara da ita, don yawanci manoma suka zaɓe su.

Zalika ta miƙe ta ce a fara da tata. 'Yar gonarta ta gyaɗa tana kan burtalin, jikin gonar yayanta Nura.

Nura ya same ta a gida. "Kin san in kin cire taki, tawa ce a gaba. Kuma manoman nan ba za su sake zaɓenki ba."

"Na sani, Yaya. Amma da wane baki zan ce wani ya matsa, ina tsaye a kan hanya?"

Gyaɗar tana fure ta tuge ta. Raina ya ɓaci ƙwarai, don man miyarta da ƙuli-ƙulin yaranta ke nan. Na yi ta masifa, ina masifar ina taya ta tugewa. Nura ya janye gonarsa dole, ya kuma daina gaishe ta. Wannan ya fi gyaɗar yi mata ciwo.

Daga nan ta bi zangon makiyaya da harshen uwarta, ta sa suka yi alkawari: bayan girbi za su kwantar da dabbobi a gonakin waɗanda suka matsa, su bar musu taki. Suka cika. Manoma suka riƙa ja da baya, suna gunaguni.

Zaɓe ya zo, ta sha da ƙyar. Washegari muka ga Nura a bakin burtali yana kafa shinge, can baya da iyakar da aka shata, ya ƙara wa hanya fili, ga tawadar zaɓe a yatsansa. Zalika ta matsa kusa da shi.

"Yaya, wa ka zaɓa?"

Bai ɗago ba. "Kansila, riƙe mini igiyar nan ki bar tambaya."

Ta riƙe.