Tsinken Tsire da Oba-obar Malam Istifanus

A shekarar da guguwa ta tuge darbejiyar ƙofar gidanmu a Tudun Wada, maƙwabcinmu Malam Istifanus, malamin makaranta, ya shigo shagon Baba ɗauke da oba-oba uku. Ya saye su ne a gwanjon wani kamfanin hanya da ya gama aiki. Yana da lasin irin na masu hira ta rediyo don sha'awa, amma akwatunan ba su san kowace tasha ba sai ta kamfanin. Shi ya sa ya zo wurin Baba, mai gyaran rediyo, a sauya musu ƙaramin dutsen da ke riƙe tasha, a kuma juya wasu 'yan baƙaƙen kusoshi har su dace da tashar masu sha'awa.

Akwati na farko bai kai la'asar ba. Baba ya sa sukundireba, kusar ta ce ƙas, ta dare. Na biyu ya ƙone, domin ɗoki ya sa mun danna maɓallin magana alhali wayar eriya tana yashe a ƙasa, tun da darbejiyar da aka ɗaure ta a kai ta faɗi. Saura ɗaya. Masu shayi suka fara tsokana, suna cewa Baba ya koma mahauci. Kwana uku ina kai masa tuwo yana dawowa da sauransa.

Ranar Juma'a na shiga shago ina tsotsar tsinken tsire. Baba ya ƙura masa ido, ya fizge, ya feƙe bakinsa da reza. "Wanga abu ba ya son ƙarhe," ya ce. Sai ya miƙo mini tsinken, ya nuna kusar akwatin da ya rage: "Sani, juya kamar mai cire ƙaya." Mun riga mun ɗaure eriya a kan dogon gora bisa soro. Malam na kallon allurar mita, ni ina juyawa, gumi na shiga idona. Allura ta motsa, ta hau, ta tsaya. Malam ya danna, ya faɗi lambarsa sau uku. Sai shuuu, sannan muryar wani mutum daga wata ƙasa mai nisa ta amsa masa da Turanci! Na yi tsalle har na kifar da kwanon dalma. Baba ya leƙa waje ya ce da masu shayi, "To, mahauci ya gaishe ku."

Da aka yi wa Malam canjin wurin aiki, ya bar mini littafin da ya rubuta duk matakan aikin. Ban iya karatu ba a lokacin. Na adana shi a ƙasan akwati, ina cewa wata rana. Yanzu da furfurata nake zuwa ajin yaƙi da jahilci, jikokina kuwa suna kiran ƙasar waje da waya ba tare da sun yi gumi ba. Ranar da na iya haɗa baƙi na buɗe akwatin, na tarar gara ta riga ni.

Abin da muka rasa ke nan: darbejiya ɗaya, oba-oba biyu, littafi ɗaya. Tsinken yana wurina.