Errol Paskett, Wakilin Manoman Rake

Kafin ya je majalisar tarayya a Canberra, Errol Paskett injin yankan rake yake tuƙawa a gonakin Yarrabindi, can arewacin Queensland. Da tsohon wakilin yankin ya yi ritaya, manoma suka ce ga nasu, wanda ya san zafin gona. Suka zaɓe shi.

Shekara da shekaru yana kujerun baya. Bai taɓa zama minista ba, amma ya samo wa garin gada, ya hana a rufe ɗakin haihuwa.

Ana nan sai jam'iyyarsa ta kawo ƙudirin janye tallafin masana'antun sukari. A gida Errol ya hau bayan a-kori-kura ya rantse zai ƙi. A Canberra kuwa, mai tsawatarwa na jam'iyyar ya ja shi gefe.

"Errol, in ka bi 'yan adawa, siyasarka ta ƙare. Ka ji ni ko?"

Ranar ƙuri'a, da aka kaɗa ƙararrawa, Errol ya shige banɗaki ya sa sakata. Yana zaune a kan murfin masai, yana jin takun abokan aikinsa suna wucewa, har aka rufe zauren. Ƙudirin ya tsallake da ƙyar. Da ya shiga ya ce a'a, da ƙudirin ya faɗi. Wani ɗan jarida kuma ya ga fitowarsa yana goge hannu, ya buga labarin.

Kafin shekara ta zagayo masana'antar sukarin garin ta rufe. Wani ya rataya murfin masai a ƙofar ofishinsa. Zaɓe na zuwa ya sha ƙasa.

Ya koma gida ya shige ɗaka. Ko burodi zai saya sai ya tuƙa mota zuwa wani gari. In ya hango motar da ya sani, sai ya sunkuya kamar yana gyara rediyo.

Rannan yayarsa Glenys, wadda mijinta Col ya rasa aiki a masana'antar, ta shigo ba sallama.

"Tashi ka sa takalmi. Ƙungiyar ƙwallo ba ta da mai gasa nama ran Asabar."

"Yaya, da wane ido zan kalle su?"

"Da wanda ka kalle su kana roƙon ƙuri'a. Tashi, ni ba ni da lokaci."

Ya je. Ya ɗaura gyauton girki, kansa a ƙasa, yana juya albasa. Wanda ya fara tsayawa gabansa Col ne. Ya daɗe yana kallonsa, sannan ya ce da ƙarfi, "Honarabul, ka dai wanke hannu ko?"

Fili ya ɗauki dariya. Kunnuwan Errol suka yi jajir. Ya sa nama a burodi ya miƙa.

"Na wanke, Col."

"To ƙara albasa."

Har yau duk Asabar yana bakin wutar nan. Wasu na saye a wurinsa. Wasu kuwa gara su zagaya filin su sayi na ƙungiyar baƙi.