Mai Damo a Layin Kafintoci

A layin kafintoci na kasuwar Daura, wani dattijo yana tsugune yana tsintar guntayen katako da tsohuwar ragar taga. Rigarsa ta koɗe, malfarsa irin ta makiyaya ce. Kusa da ƙafarsa akwai damo cikin kwando, ƙugun damon ya yi gyambo inda igiyar mafarauta ta ci.

Keji yake so a haɗa masa. Yana auna katakon da kamu, yana ƙara taƙi saboda wutsiya.

"Baba," in ji kafintan da ya kawo wa aikin, "abin da zai shiga tukunya jibi, me zai yi da ɗaki? Ka aiko mini da romo kawai."

Layin ya kwashe da dariya. Ni da nake tsaye a gefe ina kallo, raina ya ɓaci. Aiki mutumin nan ya kawo, ba roƙo ba, kuma ko benci ba a miƙa masa ba. Ina zaton garkensa ya ƙare, wannan ne abin kiwon da ya rage masa.

Ya kife malfarsa a kan kwandon, ya tattara katakonsa.

"Da kaina zan haɗa, yaro," ya ce. "Mai kallonsa da yunwa ba zai yi masa ƙofar kirki ba."