Man Kaɗe a Cikin Piyano

Shekara tara ke nan da rasuwar Malam, mijina. Ya tafi bayan auren autarmu da wata biyu, shekarar da muka tashi daga Silver Spring muka koma Laurel. Ban kira sunansa yana raye ba, ba zan fara a jarida ba. Mai Piyano kowa ke ce masa.

Kafinta ne tun Kumasi. Da muka zo nan ƙasar Turawa ya koyi gyaran manyan piyano, masu ƙafa uku ɗin nan. Yakan zaro cikinsu kamar aljihun tebur, sai ga 'yan guduma a jere, kowace tana lilo a kan ƙusa siririya da aka naɗe da ulu. In ka danna maɓalli, guduma ta daki waya ta dawo. In ba ta dawo ba, an kira Malam.

Aikin farko da ya karɓa da sunansa na wata baturiya ne, malamar kiɗa. Ɗalibanta za su yi wasa gaban iyayensu ranar Lahadi, ga gumin Agusta ya kumbura ulun, gudumomi sun cije. In ya gyara, za ta haɗa shi da sauran malamai. In ya ɓata, sai komawa aikinsa na gadi.

Ya shimfiɗa cikin piyanon a teburinmu ya tafi Juma'a. Ni kuwa ban shiga aji ba, amma ba ƙofa mai cijewa da ta taɓa gagarata in na sa mata mai. Na ɗauko man kaɗe da tsinke, na bi gudumomi ashirin ɗaya bayan ɗaya.

Da ya dawo, hancinsa ne ya fara gaya masa.

"Hajiya, wa ya yi wa majinyacina tausa?"

"Taimako na yi. Ba ka gode ba?"

"Na gode. Ulu ne, ba kaushin ƙafa ba. Ya sha mai, gobe ko motsi ba zai yi ba."

Bai ɗaga murya ba. Ya miƙo mini hantsaki. Yini biyu muna cire ulu muna sa sabo, yana sake ƙusoshi. Ya ɗaga kowace guduma ya saki, ni ina ƙirga lilonta. Wadda ta gaza ko ta zarce, a sake. Nan ya gane idona ya fi nasa, kuma ya faɗa da bakinsa.

Ranar Lahadi yara suka yi wasansu lafiya. Malamar ta tambayi abin da ya samu piyanon, ya ce, "Laima ce kawai." Daga nan bai sake gadi ba.

Yanzu jikokina na da piyano na lantarki, ba guduma ba ulu. Da yana raye ya gani, na san zai leƙa ƙarƙashi ya ce wannan rediyo ce.

Mutane na tuna kunnensa da hannunsa. Ni abin da na riƙe, shekara talatin bai ba kowa labarin nan ba, ko a raha. Allah Ya rufa masa asiri kamar yadda ya rufa mini.

Cikin mutanen lokacin saura ni, da Alhaji Sani direba da ya ɗauko kayan piyanon a motarsa, da malamar, tana gidan tsofaffi. Makon jiya na je na gaya mata gaskiya. Ta yi dariya har da tari, sannan ta miƙo gwiwarta ta ce ko da sauran man.