Dattijon da Aka Zagar wa Rago

Ranar kasuwar Karofane, Hannatu tana jiran mota kusa da turken dabbobi, idonta yana kan wani dogon dattijo mai shuɗiyar riga. Idanunsa jajur, kamar ya kwana biyu bai runtsa ba. Hannun hagu yana riƙe da igiyar wani ƙosasshen farin rago, na dama kuma waya mai tsagaggen gilashi. Yana murza ta da babban yatsa, yana tsaki.

Wani mahauci ya zo taya ragon, dattijon bai ko ɗago ba.

"Ba ni saidawa yanzu. Na sa hotonai a intanet, kowa na yabawa, sai wani ya rubuta wai kunnuwan jaki gare shi. Ina jira shi janye maganatai."

"Baba, wane ne shi?" in ji mahaucin.

"Ban san shi ba. An ce Abijan shike."

Hannatu tana hango gidansa a ranta: wata shida na dusa da harawa, ga tuwo yana hucewa, mai gida yana ta duba waya. Da a kasuwa aka faɗi maganar, da tuni dattawa sun shiga tsakani, an ba shi haƙuri, ya samu barci.

Dattijon ya daɗe yana kallon ragon. "Da can ban lura ba," in ji shi a hankali, "amma sun ɗan yi tsawo."

Ya warware rawaninsa, ya naɗa wa ragon har kunnuwan suka ɓuya, ya ja da baya ya ɗauki sabon hoto.