Sunan Innata a Kan Ƙanƙara

Ni ba mai ilimi ba ne. Na bar lakwal, wato makaranta, tun ban iya haɗa magana da Faransanci ba, Turancina kuwa na ɗora kaya ne da sauke kaya. Wanda yake neman daɗin baki ya nemi wani littafin. Ni abin da na gani zan faɗa.

'Yata ta fari a Maradi aka haife ta, muka zo da ita Greensboro tana goye a bayan uwarta. Sunan innata na sa mata, don a shekarar Inna ta rasu. To ka ga abu biyu sun haɗu a kanta, ga ta 'yar fari, ga ta mai sunan uwata. A wurinmu uba ba ya kiran sunan ɗan fari, ba ya wasa da shi gaban mutane, ba ya yabonsa. Sunan uwa kuwa, wa zai buɗe baki ya faɗe shi kamar sunan akuya? Ubana har ya koma ga Allah bai taɓa kiran yayana da suna ba, kuma duk unguwa sun san a kan yayan nan yana iya kashe mutum. Haka muka taso. Ni "ke" nake ce mata. In tana nesa in ce wa uwarta, "Kira mini yarinyar nan." Uwar tana ce mata Mamana. A asibiti in an tambaye ni sunanta, kati nake miƙawa.

Uwarta ce ta jawo mana ƙanƙara. Tana shara a wani gida a Sedgefield, matar gidan ta ba ta tsofaffin takalman 'yarta, irin masu wuƙa a ƙasa. Yarinya ta sa, aka kai ta filin ƙanƙara sau ɗaya, shi ke nan muka rasa ta. Wasan hoki ake ce masa. Mutane suna zamiya da sanduna suna bin wani baƙin dunƙulen roba, faɗinsa kamar murfin gwangwanin madara, taurinsa kamar dutse. Pok suke kiransa. Ita aka sa ta tsaron raga. Sai a naɗe ta da katifu tun daga wuya har ƙafa, a kifa mata hular kwano mai waya a fuska, ta tsaya ana jifanta da dutsen nan tana tarewa. Na taɓa ji tana nuna wa uwarta hular a kicin. Ta ce gaban yana da ƙarfi, ko guduma ba ta fasa shi, amma bayan kunne akwai inda ba komai. Ta ce shi ya sa dokar farko da koci ya ba ta ita ce kada ta juya kai, ko ginin ne yake cin wuta.

Duk Asabar ni ke kai ta. Ina tsayawa can baya kusa da ƙofa, hannu cikin aljihu. Iyayen sauran yara kuwa, manyan mutane da furfura, suna dukan gilashi suna kwarara sunayen 'ya'yansu kamar an yi gobara. Wata rana a mota ta ce mini, da Turanci, don Hausarta gurguwa ce:

"Baba, kai me ya sa ba ka ihu?"

Na ce, "Mahaukaci ne ni?"

"Ka ma san sunana kuwa?"

"Ni na raɗa miki shi. Ɗaura bel."

Ta girma, ta yi makaranta can arewa inda dusar ƙanƙara ke rufe mota. Daga can aka ɗauke ta a gasar mata ta ƙasa gaba ɗaya. Kakar wasa ɗaya ta yi. Ita ce kakar da nake son in rubuta, ko Allah zai sa ta fita daga kaina.

An fara da shigowar sanyi. Ni ina aiki a wani sito a Wendover, ɗakin sanyi inda ake jibge kaji da kifi, daga safe har la'asar ina cusa kwalaye cikin kamiyo, manyan motocin kaya. Ita tana can tana yawo a bas daga gari zuwa gari, da rana ta yi aikin kanti, da yamma ta yi atisaye, ƙarshen mako a yi wasa. Kowace Lahadi tana bugo wa uwarta waya. Ni sai in zauna kusa ina haɗa shayi, wai ba ruwana. Da haka na san sun sha kashi a wasannin farko, na san gwiwarta ta kumbura, na san an ajiye ta a benci an sa wata doguwar Baturiya, na san ta dawo ta ƙwace wurinta. Akwai wasan da ta hana ko ɗaya shiga. Ranar shayi ya tafasa ya zube a wuta ina riƙe da butar ban sani ba. Uwar ta rufe bakin waya da hannu ta ce, "Malam, ga ta, ka ce mata sannu mana." Na ce, "Ki ce ta riƙa sallah a kan lokaci."

Ta aiko da faifan wasanninsu. In uwar ta fita aiki sai in sa a tele. Ban gane dokokin ba har yau. Abin da na gane shi ne in an taso mata sai ta durƙusa ta buɗe kamar kaza a kan ƙwai, idonta a kan pok, ba ta kallon kowa.

Wajen ƙarshen kaka sai masu gasar suka ce za su kawo wasa ɗaya Greensboro, wai don mutanen kudu su ga mata ma suna yi. Kuma wasan ya zo da nauyi, wanda ya ci shi zai wuce zagayen kofi, wanda aka ci ya tattara ya tafi gida. Lahadin nan ba uwarta ta nema ba. Cewa ta yi a ba ni.

"Baba, za ka zo?"

"In Allah ya kai mu."

"Ba zuwan tsayawa bakin ƙofa ba. Ka zauna bayan ragata. Ka kira sunana."

Na mayar da wayar ɗaya kunnen.

"Sau ɗaya, Baba. Tun da aka haife ni ban taɓa ji daga bakinka ba. Mama ta yi mini bayani, na ji, al'ada ce, kunya ce. Ni ba a Maradi na girma ba. In ba za ka iya ba, ba komai, amma ni ma ba zan dawo gidan nan ba. An ba ni aiki a nan, zan zauna."

Ba kuka take ba, kuma na san ta. Taurin kan Inna ne da ita.

Na tafi McLeansville wurin Alhaji, wani ɗan Damagaram mai tasi da muka zo ƙasar nan shekara ɗaya. Na same shi bayan gida yana ba tumakinsa dusa. Na faɗa masa. Ya yi dariya har hularsa ta faɗi.

"Kai Malam, mutane na fama da 'ya'ya masu shan ƙwaya, kai taka suna kawai take roƙo? Ka kira mana! Bakinka zai karkace ne?"

"Sunan innata ne, Alhaji."

"Allah ya ji ƙan Inna. Ita tana Maradi a kwance, wannan tana nan da ranta. Mu da muke cin abinci a tsaye muna sallar Juma'a a tsohon kanti, kunyar ɗan fari ce ta rage mana?"

"Kai naka ɗan farin kana kira?"

"Nawa ai ɗan banza ne, in ban kira ba ba ya tashi daga barci."

Uwar ma ta sa ni gaba. Har liman ya ce ba haramun ba ne, al'ada ce kawai. Kowa da bakinsa. Ba wanda ya ce mini ga lokacin da ake kira, ga lokacin da ba a kira. Su ma ba su sani ba. Mutanen da suka taso a inda ƙanƙara sai cikin leda ake sayenta, ina za su sani?

Ranar Asabar ce, bayan azahar. Mutanenmu sun fito kamar ranar suna, maza da manyan riguna an ɗora kwat a kai, mata da mayafai da barguna, wata Hajiya har da kular fanke ta ɓoyo a jaka. Muka cika kujerun bayan ragarta. Ta fito, ta kakkarce ƙanƙarar gaban raga da takalmi yadda take yi, ta bugi ƙarfen dama da na hagu da sanda. Ba ta dube mu ba.

Aka fara. Alhaji yana ihu yana cewa a ba su kashi, bai ma san wane ɓangare ne namu ba sai da aka nuna masa. Matan nan suna guɗa duk lokacin da ta tare. Ni sunan yana maƙoshina kamar ƙashin kifi. Aka tafi hutu na farko ban kira ba. A hutu na biyu ta zo shan ruwa, tana tsaye dab da gilashi, da na yi magana ko a hankali za ta ji. Uwar ta zungure ni. Na buɗe baki, sai na ga Hajiya mai fanke tana kallona, na rufe.

Zagaye na ƙarshe, ana kunnen doki. Agogon sama yana cinye lokaci. Alhaji ya matso kunnena ya ce, "Malam, wasa zai ƙare fa. Za ka rasa 'ya saboda kalma ɗaya." Can sai ga wata daga cikin abokan hamayya ta kufce da pok ita kaɗai, ta nufo raga. Duk wurin ya miƙe, sai kuma ya yi tsit, irin shirun da mutane ke yi in sun riƙe numfashi. Ni ban san shirun jiran bugu ne ba. Na ɗauka dama ce Allah ya ba ni, yanzu za ta ji. Na tashi na kira sunan, da dukan ƙarfina, yadda ake faɗinsa a Maradi, ba yadda Turawa ke tauna shi ba.

Ta juyo.

Yarinyar da aka koya wa kada ta juya ko gini na cin wuta. Ta juyo da wuyanta gaba ɗaya, a hankali, haɓa a sama, yadda Inna ke juyowa daga bakin murhu in an yi sallama. Wallahi ta cikin wayar hular nan ba fuskar 'yata na gani ba. Sai ƙarar. Ba irin ƙarar da pok ke yi a kan hula ba ce, wannan na san ta. Wannan kamar an fasa ƙwarya ce cikin zane.

Ta kwanta a ƙanƙara. Aka shigo da gadon ɗaukar marasa lafiya. Aka sa doguwar Baturiyar a raga, aka ci su, kaka ta ƙare. Wannan daga baya aka faɗa mini.

Likita ya ce ƙwaƙwalwa ta girgiza, ƙashin bayan kunne ya tsage, ba ita ba wasa har abada. Ya ce irin wannan yana faruwa. Uwar ta ce ƙaddara. Alhaji ya daina zuwa gidana, ni ma ban neme shi ba. Ba gafarar kowa nake nema da rubutun nan ba. An ce in kira, na kira. Da an bar ni da "ke" ɗina, da yanzu tana can arewa tana fushi da ni da lafiyarta.

Ta dawo gida, tunda na cika sharaɗinta. Watanni tana ɗaki labule a sake, don haske yana sara mata kai. Ranar da ta fara fitowa falo, na zuba mata shayi, ta riƙe kofin da hannu biyu ta ce da gurguwar Hausarta:

"Baba, na ji ka."

Murmushi take yi. Da zagina ta yi da na fi samun barci.

Yanzu tana aiki a wani kantin kayan gini a nan Wendover, ni ke sauke ta da safe don ba ta tuƙi. Wani lokaci tana tsakiyar magana sai kalma ta ɓace mata, ta tsaya tana nema. Jakar kayan wasan tana nan cikin kabad, hular a sama. Uwar ta so ta zubar, yarinyar ta hana.

Ni har yanzu ina ɗakin sanyi. Warinsa ɗaya da na filin nan. In ƙofar ƙarfe ta rufe a bayana, injin ya ɗan tsaya, sai shirun ya dawo, in ji muryata tana kiran sunan daga can ƙarshen kwalaye. Ba na waiwayawa. Na san akwai mai juyowa, kuma ban san wacce ce cikin su biyun ba.

Jiya da na tsaya a ƙofar kantinsu, ta buɗe mota, ta sa ƙafa ɗaya waje, ta tsaya.

"Baba, sake faɗa mana. Yanzu ba abin da ke zuwa."

Na riƙe sitiyari. Motoci suna wucewa ta bayanta.

Na ce, "Ke, duba hanya."